Tof ya tsage a motar gudu: walda ko canji? Amsoshin tambayoyin da kuka fi yi mini

Ni bakanike ne a Apo nan Abuja, kuma yawancin abun da ke shigowa hannuna motocin gudu ne, BMW ɗin samari masu wasan mota, Nissan 350Z, Mustang, jefi-jefi Porsche. Duk shekara da watan Maris ya kama rana ta buɗe sai waya ta fara, oga mota na shan ruwa, oga farin hayaƙi, oga an ce tof ya fashe. Bakina har ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi yasa na tara su wuri guda. Wanda bai ga tasa ba ya kawo motar, inji ba a masa duba ta waya.

Wai shi tof silinda ɗin nan mene ne aikinsa?

Inji hawa biyu ne. Ƙasa bulok ne inda fistan ke hawa da sauka, sama kuma kan inji, mu a gareji tof muke ce masa. A cikinsa bawul suke da fulogi, da kamshaf a yawancin motocin yanzu, sannan ga hanyar ruwa, hanyar baƙin mai, ta iska da ta hayaƙi duk a jikin ƙarfe ɗaya. Wani wurin abun da ya raba wuta da ruwa bai wuce 'yan milimita ba. In ya tsage toh waɗanda bai kamata su ga juna ba sun haɗu kenan.

Ya zan gane tof ne ya tsage ba gasket ne kawai ya ƙone ba?

Gasket shi ne fallen da ake shimfiɗawa tsakanin tof da bulok ya hana yoyo. Gaskiya daga waje ba za ka gane ba, ni ma ba zan gane ba, duk wanda ya buɗe bonet ya leƙa ya ce maka "gasket ne kawai" canki-canka ya yi. Alamominsu ɗaya ne sak. Ruwa na raguwa amma ba ɗigo a ƙasa, farin hayaƙi mai kauri da baya ɗaukewa ko inji ya ɗau zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, tiyon lagireto na sama ya yi tauri kamar icce minti kaɗan da tada mota, ko da safe ta tashi tana rawa na ɗan lokaci sannan ta daidaita sabida ruwan da ya kwana a silinda ya ƙone. Mutanen Jos ku kula, ɗan farin tururin da salansa ke yi da safe lokacin hunturu ba ciwo bane, in ya ɗauke bayan minti biyar ko goma ku kwantar da hankalinku.

Gwaji kala-kala ne. Akwai wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin tankin ruwa, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma rawaya. Wannan ya tabbatar akwai ɓaraka amma bai faɗi ta ina ba. Gwajin kwamfireshan da na hura iska cikin silinda su kuma za su nuna silinda ta nawa ce. Hukuncin ƙarshe sai an sauke tof an wanke shi tas, a toshe hanyoyin ruwansa a hura masa iska a tsoma shi cikin ruwan zafi, inda kumfa ta fito nan ne. Ruwan zafi na ce, dan akwai tsagewar da bata buɗe baki sai ƙarfe ya ɗumama. Akwai kuma jan ruwan da ake fesawa a goge, a fesa farin hoda a kai, tsagar da ido baya gani ta fito ja kamar zare. Gwajin maganaɗisu na ƙarfen zubi ne kawai, baya aiki a alminiyum, kuma kusan duk motar gudun da za ka gani a Abuja kanta alminiyum ne.

Wani yaro ya taɓa kawo mini BMW E46 an canza masa gasket sau biyu a wani gareji cikin wata uku, babu wanda ya kai tof gwaji. Muna tsomawa a ruwa sai ga kumfa tsakanin bawul ɗin hayaƙi. Kuɗin da ya kashe sau biyun ya isa ya sayi wani kan.

Me ke tsaga shi tun farko?

Zafi, kusan kullum zafi. Alminiyum in ya ji wuta yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, ga shi an ɗaure shi tam da kusoshi ba inda zai je, sai ya danne kansa, in ya huce ya ja baya, wurin da ya fi siranta ya yage. Yawanci tsakanin mazaunin bawul biyu ne ko tsakanin bawul da ramin fulogi. Injin BMW mai silinda shida a jere, M50, M52, M54, kansu dogo ne, shi yasa silindodin tsakiya suka fi shan wahala.

Amma abun tambaya shi ne me ya kawo zafin. A BMW E36 da E46 roba ta yi yawa a hanyar ruwa, tankin ruwa roba, wuyan lagireto roba, wasu famfon ruwan ma fiffikensu roba ne, mota ta haura shekara ashirin me kake tsammani. A BMW 335i da sauran masu injin N54 da N52 famfon ruwan na lantarki ne, shi baya ma sallama, yau lafiya gobe ya ɗauke. Sai kuma halinmu. Wasan mota shi ne mafi muni ga inji, ka taka ta tana ihu a giya ta biyu amma a wuri ɗaya take juyi tana tafiya a karkace, iska bata bugun lagireto ta gaba. Ga cunkoson Nyanya zuwa Mararaba da rana tsaka da AC a kunne. Ga Hawan Kibo in za ka Jos, an sha jawo mini mota daga can. Ga ruwan burtsatse da ake ɗurawa maimakon kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ya yi tsatsa ya yi gansakuka ya toshe lagireto a hankali. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mota ta yi zafi a tsaya a sayi fiya wata mai sanyi a kwarara mata, wallahi ko tukunyar ƙasa ka yi wa haka sai ta fashe.

Masu ƙara wa turbo ƙarfi da kwamfuta ku ma kuna ciki. Yawancin motocin nan an yi su ne dan fetur mai lamba 95 ko 98, mu kuma gidan mai famfo ɗaya ne kowa shi yake sha, in aka ƙara matsi a kan wannan man sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa, wannan ƙwanƙwasar guduma ce a kan tof da fistan.

Ba kullum laifin mai mota bane dai. Porsche 996 na farko-farko masu inji 3.4 an san su da tsagewar kai, baƙin mai ya haɗe da ruwa. Ford Focus RS na 2016 da 2017 kuwa tun daga kamfani aka samu matsalar gasket har Ford ta kira su gyara.

Sau ɗaya tak allurar zafin inji ta shiga ja, ya isa ya lalata?

Ya isa, in ka ci gaba da tafiya. Minti biyu zuwa uku a ja da kan alminiyum ba wasa bane. Kuma in ruwa ya zube gaba ɗaya allura na iya yi maka ƙarya ta sauko, sabida abun da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma.

Bakanikena ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Haka ne?

A'a yallaɓai. Tamostat shi ne ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi. Wannan magana ta cire shi ta daɗe tana yawo a garejin Najeriya kuma ta kashe injuna da yawa. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90 zuwa 100, in baya kaiwa kwamfuta za ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tada shi, fetur ya wanke jikin silinda. A injuna da yawa kuma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, ka cire shi sai wani ruwan ya riƙa zagaye bai je lagireto ba. In mota na zafi da tamostat a ciki, wani abu ne ya lalace, a nemo shi.

Murfin tankin ruwa ma kar a raina shi. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, a Jos da ke sama da teku da kusan mita 1,200 tun wajen 96 ya fara. Kulant rabi ruwa rabi da murfi mai riƙe matsi su ne ke kai shi sama da 120 bai tafasa ba.

Zan iya lallaɓawa da ita ina ƙara ruwa zuwa ƙarshen wata?

Ka kira motar janwe. Ruwa baya matsuwa, ranar da ya taru a silinda da daddare ka murza makulli da safe sandar fistan ce za ta lanƙwashe, daga gyaran tof ka koma sayen inji. Wanda ya gauraya da baƙin mai kuma yana cin metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyi a kanta, a ɓoye.

Maganin kwalba da ake zubawa a lagireto fa?

Na dillalai ne masu son mota ta kai gobe a karɓi kuɗi. Wani sa'in yana riƙe ɗan ƙaramin yoyo na ɗan lokaci, amma baya bambance tsaga da ƙananan hanyoyin lagireto da na hita, duk toshewa yake. A motar da za ka taka inji ya kai juyi 7,000 a minti ba zai tsaya ba. Masu fasa ƙwai a lagireto kuma Allah ya shirye ku.

Toh yanzu an tabbatar ya tsage. A yi walda ko a canza?

Nan ne maganar take, kuma ba na amsa ta sai na san abu huɗu.

Na farko ina tsagar take. In ta waje ce, a gefen hanyar ruwa ko kunnen da ake ɗaure wani abu, inda hannu zai kai, wannan walda na riƙe ta lafiya lau. In tsakanin mazaunin bawul ce ana iya yi amma aikin ya girma, sai an cire mazaunin an yi walda an sake yanka wurin an dasa sabo. In kuwa ta nutse can cikin hanyar hayaƙi ko ta bi ƙarƙashin kamshaf ta yi tsawo, ni ba na sa hannu, dan abun da baka ga ƙarshensa ba ba za ka cike shi ba.

Na biyu, ƙarfen da ransa ko ya mutu. Wannan shi mutane basu sani ba. Alminiyum ɗin tof gasa shi ake yi a kamfani ya yi tauri, in ya sha mugun zafi taurin na tafiya ya koma laushi, kuma baya dawowa dan ya huce. Za ka ga wasan kusoshi sun nutse a jikinsa, ko zoben gasket ya bar shaida mai zurfi a fuskarsa. Irin wannan ko waye ya yi waldar ba zai riƙe ɗauri ba, wani sa'in ma mazaunin bawul ya saki ya faɗa kan fistan ana cikin gudu. Akwai ɗan abun auna tauri, wurin da ke da shi su gwada.

Na uku me kake yi da motar. Alhajin da ke fita da ita ranar Lahadi ya zaga Maitama ya dawo daban, yaron da ke ƙona taya duk ƙarshen mako daban. Mai turbo da aka ƙara wa ƙarfi ko motar wasa, tsaga a ɗakin wuta, ni canji nake cewa ba na ma dogon lissafi.

Na huɗu ana samun wani ko ba a samu. Kan M52 da M54 da na VQ35 ɗin 350Z ba wahala, injunan sun shigo ƙasar nan da yawa a cikin wasu motocin, in babu a Apo ko Gudu ko Zuba za a turo daga Ladipo a Legas. Kaga yi wa irin wannan babbar walda ɓata lokaci ne. Amma kan Porsche, ko wanda aka riga aka kashe kuɗi aka buɗe masa hanyoyin iska aka sa manyan bawul, wannan ya cancanci a nemi gwani a ceto shi.

A taƙaice dai cikin waɗanda nake gani, waɗanda nake cewa a canza sun fi yawa nesa ba kusa ba, ba dan walda bata aiki ba, sai dan mafi yawansu kafin su iso wurina an riga an dafa su.

In walda za a yi, ya zan san an yi ta kirki?

Waldar agon ake yi, wato mai aiki da iskar agon, ba ta mai gyaran ƙofa ba. A wanke kan ya fita tas dan alminiyum na shan mai, a bi tsagar da gurzawa har sai an ga ƙarshenta an tabbatar da jan ruwan nan, a ɗumama kan gaba ɗayansa kafin a fara, a cike, a barshi ya huce a hankali ba a gaban fanka ba. Bayan nan a duba ko ya karkace, a gyara mazaunin bawul, a goge fuska, sannan a sake maida shi gwajin ruwan zafi. Wannan gwaji na biyun ka tsaya a yi a gabanka. Wanda ya shafa walda a saman tsaga kamar ana liƙe bokiti ya rufe ta ne kawai, tana nan a ƙasa.

Sikimin fa, wato goge fuskar tof ta miƙe, ko nawa za a iya ɗauka?

Kaɗan ƙwarai. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar a zura ma'auni, injuna da yawa abun da suka yarda da shi wajen milimita 0.05 ne zuwa 0.10. A M54 duka-duka milimita 0.3 aka yarda a ɗauka, kuma akwai gasket mai ƙarin kauri 0.3 da aka yi dan haka. In aka wuce, matsi ya ƙaru, taimin ya goce, bawul ya matso kusa da fistan, da irin man da muke sha kuwa ƙwanƙwasa ce za ta biyo baya. Kuma kan da ya lanƙwashe da yawa ba ƙasansa kaɗai ya lanƙwashe ba har saman, ka goge ƙasa ya miƙe kamshaf na can yana juyi a karkace. Gasket na zamani mai falle-fallen ƙarfe yana son fuska sumul, gogar takardar yashi a kan gilashi ba tasa bace.

In tokumbo zan saya me zan duba?

Lambar da aka zuba a jikinsa ta yi daidai da taka, dan kai biyu na iya kama da juna amma ramin na'ura ko hanyar mai ta bambanta. A auna tsayinsa a ga ko an taɓa goge shi. Sannan kafin ka biya ku yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa za a kai gwaji, in ya faɗi za a dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ka bar masa kayansa. Kai da aka yi wa wanka ya yi fes yana ƙyalli fiye da sauran kayan shagon ni tsoro yake bani. Sababbi marasa suna masu arha da ake kawowa kuma, na ga wanda ya yi aiki na ga wanda bawul ɗinsa bai zauna ba tun a kwali, sai an kwance an duba kafin a ɗora.

Dole sai na sayi sababbin kusoshin tof? Tsofaffin lafiyarsu ƙalau.

Dole. Yawancin kusoshin yanzu an yi su ne su miƙe in an ɗaure, sau ɗaya suke aiki. M54 guda 14 ne, a ɗaure su da ƙarfin ɗauri Nm 40, a ƙara juya su digiri 90, a sake ƙara digiri 90, daga tsakiya ana fita waje bi da bi. In kaga bakanike ya zura bututu a sifana yana ja yana cewa hannunsa ya san daidai, ka ce ya dakata.

Masu M54 ga wata kuma. Bulok ɗinku ma alminiyum ne, in ya sha zafi zaren da kusa ke kamawa na saki, ana cikin ɗaurin ƙarshe sai ka ji kusa ta tafi salam. Ana gyarawa da zaren ƙarfe da ake dasawa, irin su Time-Sert, amma gara a gwada ramukan tun kafin a ɗora sabon gasket.

Tawa V6 ce, gefe ɗaya ya tsage. Sai an sauke duka biyun?

Ruwa ɗaya suka sha, zafi ɗaya suka ji, a sauke duka a gwada. In gogewa za a yi a ɗauki daidai wa daida. Subaru da Porsche masu inji a kwance kuwa yawanci sai an fito da injin waje, tunda an riga an fito da shi barin ɗayan ganganci ne.

Nawa zai ci, kuma kwana nawa?

Ba na rubuta farashi, kayan nan dala suke bi, abun da na faɗa yau jibi ya zama ƙarya. Amma ga abun da za ka lissafa dan kar a ce maka kuɗin tof kawai: kan ko waldarsa, gwaji, gogewa, cikakken saitin gasket, kusoshi, robobin bawul, baƙin mai da filta sau biyu, kulant, kuɗin aiki, sannan abun da ya jawo zafin tun farko, famfo ne ko lagireto ko tanki ko fanka. Wannan na ƙarshen shi ake tsallakewa dan a rage kuɗi, shi ne kuma ke dawo da mota bayan wata biyu. In kaya na ƙasa mako guda ya isa, in sai an yi oda daga waje toh sai haƙuri.

Ba gara in sayi inji gaba ɗaya ba?

Wani lokacin haka ne. In ruwa ya daɗe a cikin baƙin mai, ko jikin silinda ya karce, ko bulok ya karkace, ko zaren kusoshi da yawa sun saki, lissafin na komawa wajen inji. Sai dai shi ma tokumbon baka san wa ya dafa shi a can ba, a gwada kwamfireshan ɗinsa a leƙa cikin silinda kafin a ɗora, kuma ka ajiye rasit sabida lambar inji ta canza.

An gama gyara, yaushe zan koma taka ta?

Ka fara tabbatar an fitar da iska daga hanyar ruwa, iskar da ta maƙale a sabon kai na iya maida ka gidan jiya a rana ɗaya. Masu famfon lantarki na BMW abun da sauƙi, a kunna wuta ba a tada inji ba, hita a ƙarshen zafi fanka a ƙasa, a danne totur daƙiƙa 10, famfo zai yi ta aiki shi kaɗai kusan minti 12. Sai ka yi sati ɗaya zuwa biyu kana tafiyar mutunci, kullum da safe kafin ka tada ka duba ruwa da baƙin mai. A sake juye mai bayan 'yan ɗaruruwan kilomita dan ragowar ruwan ya fita. In fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod kar ka firgita, kulant ɗin da ya ƙone a baya na lalata na'urar da ke cikin salansa, a sa kwamfuta a gani. In ruwa bai ragu ba sati biyu, bismillah.

Mazda RX-8 gareni, wani ya ce tof ɗina ya tsage zai nemo mini tokumbo.

Ranka ya daɗe, RX-8 bata da tof, bata ma da fistan, injinta juyawa yake. In tana shan ruwa tana farin hayaƙi robobin ruwan da ke tsakanin ɓangarorin injin ne suka saki, sai an sauke shi an buɗe gaba ɗaya. Ka je ka ɗauko motarka daga wurin mutumin nan yau ɗin nan, in ka riga ka bashi kafin alƙalami ka karɓo abunka.